Akwatin Magana Da Ƙannensa A Ƙasar Tofa

In mutum ya fita birnin Kano ta Ƙofar Kabuga ya miƙa yamma, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ba zai jima ba sai ya taka ƙasar Tofa. Janguza ce za ta fara tarbarsa, sa'an nan ga Lambu, ga Langel, ga Doka, ga Yanoko, da shi garin Tofa kansa, kowane gari na hangen hayaƙin ɗan'uwansa. Ƙasa ce wadda ba ta da daji. Gona na jikin gona, gida na jikin gida, sai ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo tsaitsaye cikin gero da dawa. Tun zamanin kakanni ba a barin saura a nan, don ba wurin da za a bari. Taki shi ke riƙe da ƙasar: mai jaki ya yi asubanci ya kai itace ko kara birni, ya komo da mangala cike da toka da shara, ya zuba a gonarsa. Da aka yi ƙidaya a 2006, an sami mutum kusan 100,000 a ƙaramar hukumar Tofa, yau kuwa sun fi haka nesa ba kusa ba.

To, a 'yan shekarun nan manyan kamfanonin Sin da na Koriya sun zuba wa Nijeriya ido. Lissafinsu mai sauƙi ne. Sun ce ga ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, yawancinsu yara da samari, kowa yana son waya da talabijin da fanka, saboda haka kasuwar irin waɗannan kaya ba abin da za ta yi sai gaba. Akwai gaskiya cikin lissafin, amma daga nesa aka yi shi. Wanda ya ke so ya san abin da mutumin ƙauye zai saya gobe, gara ya zauna ya ji abin da ya saya jiya, da abin da aka kawo masa ya ƙi, da dalilin ƙin nasa. Wannan labari ne za mu bi a hankali, mu ɗauki ƙasar Tofa ta zama mana madubi.

Sai mu fara daga kuɗi, don ba a ciniki da fatar baki. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga kakar 1912 kuwa cinikin gyaɗa ya ɓarke. Manoman kewayen birni su ne suka fara cin moriyarsa, don su ke kusa da sikeli. In mutum ya sayar da gyaɗarsa, haraji ne farko, sa'an nan tufafin iyali, da gishiri, da kananzir. In an sami rara, a yi aure, ko a sayi jaki, daga baya kuma keke ya shigo. Garmaho ya zo kantunan Kano tun da wuri, ana wana shi da hannu, a ɗora masa faifai da allura ya yi ta waƙa, amma wannan kayan attajirai ne da manyan ma'aikatan En'e. Kuma bai yi farin jini wurin malamai ba, don an fi jin muryarsa a gidajen da dattijo ba ya so a gan shi.

Abin da ya fara shiga ƙauye sosai ƙarami ne, har ba a cika tuna shi ba, wato tocila. Manomi ya ga amfaninta nan take: a duba akuya da dare, a haska hanya saboda maciji, a kori ɓarawon rumbu. Ita ce kuwa ta jawo batir. Da tocila ta yawaita, sai 'yan koli da masu tireda suka shiga ajiye batir tare da ashana da sabulu da allura, har ya zama kowace kasuwar ƙauye kana samunsa. Ka riƙe wannan magana, mai karatu, don a kanta sauran labarin ya ke tsaye.

Wutar lantarki ta shiga birnin Kano a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Rediyo kuma da ya zo, ta waya ya zo. An fara a Ikko a 1935, aka kai Badun a 1939, Kano kuwa sai a 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ga yadda abin ya ke. Akwai gida guda da ke kamo magana daga London, ya ƙara da ta gida, sa'an nan a tura ta cikin waya bisa turaku, kamar yadda a ke tura ruwan famfo cikin bututu. Mai so a jawo masa waya ɗakinsa, a kafa masa akwatin katako a bango, ya riƙa biya wata wata. Ba shi da zaɓin tasha, iyakarsa ya ƙara murya ko ya rage. Aka kuma kafa manyan lasifikoki a wuraren taruwar jama'a don wanda ba shi da halin biya. Mutane suka taru suna mamaki, wasu suka ce aljanu ne a ciki, wasu suka ce sihirin Nasara ne. Amma inda waya ta tsaya, nan magana ta tsaya. Mutumin Lambu ko na Doka ba ya jin akwatin magana sai ran da ya kai kaya birni, ya tsaya gindin lasifika da jakinsa, ya komo gida ya ba da labari a dandali.

Akwai kuma rediyon da ke kamo magana daga iska ba waya, amma na wancan zamani jidali ne. Cikinsa wasu ƙwayaye ne na gilashi kamar na fitila, sai sun yi zafi kafin ya yi magana, ga shi da cin wuta. In ba lantarki, sai an haɗa shi da wani ƙaton batir mai nauyin tubali, wanda ba a samunsa sai a kanti. Turawan mulki sun yi ƙoƙarin sauƙaƙa shi. A 1949 kamfanin Ever Ready na Ingila ya ƙera wani don ƙasar da yanzu a ke kira Zambiya, jikinsa kamar tukunyar miya, a kan fam 5, ban da kuɗin batir. Ko wannan ma ya fi ƙarfin talaka. Saboda haka a karkara irin wannan rediyo sai gidan hakimi, ko dagaci mai hali, ko babban malamin makaranta.

Abin da ya warware matsalar daga Amurka ya fito. A 1947 wasu masana a can suka gano wata 'yar ƙwaya da a ke kira tiransista, ba ta fi ƙwayar wake ba, tana yin aikin ƙwan gilashin nan ba tare da zafi ba, wutar da ta ke ci kuwa kaɗan ce ƙwarai. A 1954 aka fara sayar da rediyo mai ita, shekara guda bayan haka kamfanin Sony na Japan ya fito da nasa, sauran kamfanonin Japan suka bi sahu, suka yi ta ƙerawa har ya yi araha. Ga abin da ya shafe mu: wannan sabon rediyo da batirin tocila ya ke aiki. Wato ya iso ya tarar an riga an share masa hanya, abincinsa na jiransa a kan teburin kowane mai tireda.

Sai kuma aka yi dace, lokacin da akwatin ya yi araha, lokacin ne aka sami abin ji a cikinsa. Ran 13 ga Maris 1957 BBC ta fara magana da Hausa, Malam Aminu Abdullahi Malumfashi shi ya fara buɗe baki, shirin kuwa na minti 15 ne kacal. A 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, mai ƙarfin da a ke ji har Nijar da Gana da Kamaru. Jamus da Masko da Alƙahira da Bejin duk suka buɗe sashen Hausa, Muryar Amurka ta biyo baya a 1979. Ta gajeren zango su ke zuwa, wato maganar ta tashi sama ta bugi wani rufi na iska can bisa, ta komo ƙasa a wuri mai nisa, shi ya sa mutum na zaune gindin ɗorawa a Yanoko yana jin London. Ga Shata, ga Ɗan Maraya, ga Zaɓi Sonka inda mutum zai ji an ambaci sunansa da na garinsu, ga tafsiri in azumi ya zo. Kuma abin baƙin ciki ne a faɗa, amma gaskiya ce, ba abin da ke sayar da rediyo kamar tashin hankali. Daga safiyar 15 ga Janairu 1966, da aka kashe Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa, zuwa ƙarshen yaƙin basasa a 1970, duk gidan da ke da ɗa a soja ya so ya ji da kunnensa.

Daga nan rediyo ya zama ɗan gida. Dukawa suka ɗinka masa riga ta fata da maratayi. Manomi ya rataye shi a reshe yana noma, Bafillace ya saɓa shi yana bin shanu, mai shayi ya ajiye shi kusa da tukunya don ya tara jama'a. In batir ya yi sanyi a shanya shi a rana, ko a ɗan daddake shi, a sake matsar kwana biyu daga jikinsa. Kada kuma a manta da mata. Matar da ke cikin kulle, tana suyar ƙuli-ƙuli ko tana ɗinkin hula, ta zuba adashi ta sayi nata na kanta, ba ruwanta da na maigida. Ni a ganina ba a taɓa kawo wani abu ƙasar Hausa da ya shiga tsakar gida ya zauna daram kamar rediyo ba, sai fa wayar hannu da za mu zo kanta.

Shekarun 1970 sun zo da abu biyu masu karo da juna. Gona ta ci amanar manomi: aka yi fari mai tsanani a 1973, a 1975 kuma cuta ta faɗa wa gyaɗa ta tsuke ganyenta, dalar gyaɗa ta Kano ta rushe ba ta sake tashi ba. Amma a daidai lokacin nan kuɗin man fetur ya yi ambaliya. An canja fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973, a farkon 1975 kuma aka biya ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji tare da ariyas, kasuwar Sabon Gari ta cika da masu neman rediyo da babur da fanka. Ƙasar Tofa ta sami rabonta ta bayan gida, don kusa ta ke. Samari suka riƙa shiga birni cin rani, wasu leburanci wurin gine-gine, wasu masaƙu da masana'antun Bompai da Sharaɗa, su komo da abin da gona ta hana. Aikin haji ma ya yi sauƙi, har a 1977 alhazan Nijeriya suka haura 100,000, da wuya kuwa ka ga alhaji ya sauka filin jirgin Kano ba rikoda cikin tsarabarsa.

Ita rikoda, kamfanin Philips na Holan ne ya fito da kasetinta a 1963. Ta fi rediyo cin batir, wata shida ta ke ɗauka, wata takwas, amma ta yi abin da rediyo bai iya ba, wato ta bar mutum ya zaɓi abin da zai ji, ya kuma ɗauki muryarsa da kansa. Kasuwar Ƙofar Wambai ta zama matattarar masu kwafar kaset, na wa'azi, da na begen Annabi, da na makaɗa, da waƙoƙin Indiya. Wanda bai iya rubutu ba kuma ya sami wasiƙa: tsohuwa ta zauna gaban rikoda ta gai da ɗanta da ke Makka ko Kurmi, ta zayyana masa wanda ya mutu da wanda ya haihu, ta yi kukanta, a naɗe kaset a ba matafiyi.

To, ga talabijin fa? An buɗe ta farko a Badun a 1959, ta Kaduna a 1962, daga baya Kano ta sami tata, har gwamnatin Abubakar Rimi ta ƙara da CTV a farkon shekarun 1980. Masu lissafi na lokacin sun ɗauka za ta bi sawun rediyo ta mamaye ƙauyuka. Ba ta yi ba. Dalili kuwa, batirin tocila ba ya ɗaukarta, sai lantarki. An buɗe madatsar Kainji a 1969, aka kafa NEPA a 1972, jihar Kano ta kafa hukumar kai wuta karkara, aka kakkafa turaku a manyan garuruwa. Amma turke daban, wuta daban. Wasu suka yi dabara, suka sayi 'yar ƙarama mai baƙi da fari, su haɗa ta da batirin mota, in ya ƙare a ɗora shi a keke a kai caji. Wahalar ta fi daɗin yawa. Saboda haka talabijin ta zama abin kallon taro, a ƙofar gidan mai hali, yara sun yi sahu a ƙasa.

Ana cikin haka sai kuɗin man ya janye. A 1982 gwamnatin Shagari ta ɗaure shigo da kaya, a Satumba 1986 kuma gwamnatin Babangida ta saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Nairar da a 1980 ta fi dala daraja, sai ga shi ana ba da huɗu a karɓi dala guda, daga nan kuma ba ta daina gangarawa ba. Tun da ba a nan a ke ƙera kayan ba, duk faɗuwar naira tashin kuɗinsu ne. Sabon National ko Sharp ya gagari mutane. Wannan ne zamanin masu gyara: kowace kasuwa ka ga mai gyaran rediyo da ƙarfensa na liƙi a cikin garwashi, gawarwakin rediyo jibge a bayansa, yana cire hanjin wannan yana sa wa wancan. Kayan hannu kuma suka riƙa shigowa daga Kwatano, su bi ta Maraɗi su faɗo ta Jibiya, wasu ta hanya, wasu ta bayan hanya. Da irin waɗannan tsofaffin akwatuna ne mutanen Tofa suka bi labarin zaɓen 12 ga Yuni 1993, wanda Alhaji Bashir Tofa ya tsaya takara da Abiola, suka kuma ji an soke shi.

Mutanen Sin ne suka sake buɗe kasuwar. Sun lura da abin da Turawa da mutanen Japan ba su damu da shi ba, wato aljihun talaka. Suka kawo rediyon Kchibo, wanda kowa ke kira kacibo, da ƙaramin janareto, da na'urar faifan bidiyo, duk a kuɗin da ba a taɓa ji ba. Ba su da ƙarko, amma mai saye ya sani. A nan ma abin ji da gani ya zo daidai kan gaɓa, don tun 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da Turmin Danya aka shiga yin fim da Hausa a Kano, kafin shekara goma ya zama babbar sana'a. Gidajen kallo suka buɗe a ƙauyuka, rumfar kwano da benci da janareto, yau fim, gobe ƙwallon Turai. Talabijin da bidiyo suka shiga cikin kayan ɗakin amarya, uba ya sayar da tumaki ya saya don kada a raina 'yarsa. Sau da yawa kuwa ka shiga ɗakin ka tarar da su lulluɓe da ƙyalle mai ado, an jera su tare da kwalla da tangaran, wata uku ba su ga wuta ba.

Sa'an nan sai waya. Kafin 2001, duk Nijeriya layukan tarho ba su kai 500,000 ba, mutumin karkara kuwa in yana da saƙo sai ya ba direba. A Janairu na shekarar nan gwamnatin Obasanjo ta yi gwanjon lasisi, kowane a kan dala miliyan 285, a Agusta kuma MTN da Econet suka fara aiki. Da fari abin na masu kuɗi ne, layi kaɗai ya kai naira 20,000, minti guda naira 50, ko da gaisuwa kawai ka yi ka kashe. Da Glo ta shigo a 2003 ta ce za ta yi lissafi da daƙiƙa, sai farashi ya karye. Layukan da ke aiki suka haura miliyan 100 a 2012, suka haura miliyan 200 a 2020, ko da ya ke sun ragu a 2024 da aka rufe waɗanda ba a haɗa da lambar ɗan ƙasa ba. A lura dai, layi ba mutum ba ne, don mutum guda ya kan riƙe biyu ko uku.

Me ya sa waya ta shiga inda talabijin ta kasa? Dalilin nan ne dai na rediyo. Ba ta jiran turke, batirinta na jikinta, abin da ta ke ci kuwa kaɗan ne. Nan da nan sana'ar caji ta tsiro: yaro ya sami janareto da allon katako mai ramuka hamsin, ya manna wa kowace waya lamba, ka kawo da safe ka karɓa da azahar. Nokia ce ta fara cin kasuwa, musamman mai 'yar tocila a ka. Daga baya wani kamfani na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai suna Transsion, wanda ke yin Tecno da itel da Infinix, ya zauna ya karanci halinmu. Ya ga sabis na yankewa, ya yi waya mai layi biyu. Ya ga ba wuta, ya sa batir mai kwana da kwanaki. Ya ga muna son sauti, ya ƙara lasifika. Da haka ya wuce kowa a cinikin waya a Afirka, ya bar manyan da suka raina shi suna kallo.

Wayar nan kuwa ba ta zo ta zauna lafiya da 'yan'uwanta ba, haɗiye su ta yi ɗaya bayan ɗaya. Ta haɗiye tocila da agogo da rikoda da kyamara da bidiyo. Masu kaset na Ƙofar Wambai suka watse, 'yan dawunlodin suka gaje su, suna zuba wa mutane fim da wa'azi a ɗan katin da bai kai farce ba. Rediyo ne kaɗai ya tsira, shi ma don ya shige cikinta ne, ga kuma tashoshin FM da suka yawaita a Kano tun da Freedom ta buɗe a 2003. Manomi ya kan bugo Dawanau ya ji kuɗin buhu kafin ya ɗora wa mota. Saƙon murya na WhatsApp ya komo da wasiƙar kaset ta dā, sai dai yanzu a take ta ke isa. Amma a nan wanda ya yi karatu ya fi wanda bai yi ba, don shi ke iya duba sunan wanda zai tura wa kuɗi kafin ya danna. An ga haka a farkon 2023, sa'ad da aka canja takardun naira kuɗi suka ɓace daga hannu, mai waya da asusu ya yi cefane, wanda ba shi da su ya karyar da akuyarsa.

Yanzu sai mu komo ga tambayar kamfanonin nan, ko kasuwar za ta ci gaba. Wajen yawan masu saye, ba shakka za ta ci, don kullum ana haihuwa, kuma yaron da ya tashi yau waya ce farkon abin da ya ke tara wa kuɗi. Kasuwar Farm Centre da titin Beirut a Kano sun isa shaida. Amma mutumin ƙauye da buhu ya ke lissafi, ba da naira ba. Bayan an sake sakin naira a Yuni 2023, dala ta haura 1,500 a farkon 2024, kowace waya kuɗinta ya yi tsalle. Gonar kuwa raguwa ta ke yi, don wadda uba ya noma shi kaɗai yau 'ya'ya biyar sun raba, birni kuma yana tahowa ta hanyar Gwarzo yana mai da gonaki filoti. Saboda haka abin da na ke hange shi ne kasuwa mai faɗi amma marar zurfi: kaya masu araha, da na hannu, da gyara a kan gyara, ciniki ya yi zafi da kaka da gabanin salla, ya yi sanyi da bazara sa'ad da a ke neman kuɗin taki.

Manyan kaya irin su firji da babbar talabijin suna nan inda su ke tun 1975, suna jiran wuta. An sayar da kamfanonin rarraba lantarki a 2013, Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO, amma abin da ƙasar duka ke rabawa bai cika wuce megawat 5,000 ba, alhali Afirka ta Kudu, wadda mutanenta ba su kai sulusin namu ba, ta ninka mu sau da yawa. Janareto ma ya zama kaya tun ran 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024.

In akwai abin da zai sauya wannan lissafi, to, farantin sola ne, wanda ke mai da hasken rana lantarki. Tsakanin 2010 da 2020 kuɗinsa a duniya ya faɗi da wajen kashi 9 cikin 10, yawancinsa kuma daga Sin ya ke fitowa. Shi ma ɗan gidan su tocila ne, ba ya jiran turke. Mai caji ya ajiye janareto ya hau da faranti bisa rufi. Ana sayar da fitila da fanka da rediyo masu ɗan farantinsu, wasu kamfanoni har suna bayarwa a biya kaɗan kaɗan ta waya. Masu noman rani sun fara ja da ruwa da shi, masu sayar da ƙanƙara sun fara haɗa shi da firji. In talabijin da firji za su shiga ƙauye da gaske, na fi zaton ta wannan ƙofa za su shiga. Inda gizo ke saƙa shi ne batirin da ke ajiye wutar don dare, shi ne mai tsada, shi ne mai saurin mutuwa, a nan ne kuma jabu ya fi yawa.

Akwai abu biyu da ba su cikin lissafin masu kawo kaya. Na ɗaya, tun daga garmaho har zuwa sola, kusan ba abin da aka ƙera a ƙasar nan. Namu shi ne saye da sayarwa da gyara, yaran da suka koyi buɗe waya a Farm Centre kuwa hannunsu ya nuna za su iya fiye da haka in sun sami mai koya musu da jari. Na biyu ya fi kusa da gida. Kowane batir da ya mutu, da kowace wayar da ta gagari mai gyara, bola a ke jefa su, a cikinsu kuwa akwai dalma da wasu ƙarafa masu guba waɗanda ba su ruɓewa. Bolar nan ta birni ita ce dai takin da manomin kewayen Kano ke saye tun zamanin jakuna, yanzu tifa ke kawo masa ita. In ka bi gonakin da ke gefen hanya da bazara, kafin a baza taki, za ka ga tsibi tsibi an jibge, yara na tsince leda da kwalba da fasassun batura suna tarawa a kan iyaka.